Gidan da Gwaggo Tela ta Auna a Jikinta

Gwaggo Tela ba ta yarda da hannun kowa ba, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. In matar da ta zo koyon ɗinki ta gama kalmasa ta miƙo mata, sai ta ɗaga rigar ta haska a bakin ƙofa, ta ɗauki reza ta warware ɗinkin a gaban mai shi, ta sake da kanta. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Da ma zagin take yi, da ya fi sauƙin haɗiya. A shekara talatin da huɗu da ta yi a shagonta mai taga ɗaya, mata goma sha ɗaya suka shigo koyo, babu wadda ta cika shekara. In aka ce mata, "Gwaggo, ai haka ake koyo, a bar mutum ya yi kuskure," sai ta ce, "Ya je ya yi a yadinsa."

A gida ma haka abin yake. Kwanon da 'yarta Auta ta wanke sai ta sake ɗauraye shi. Igiyar shanyar da mijinta ya ɗaura sai ta kwance ta ɗaura. Shi mijin direban motar kaya ne, mutum mai sanyin rai, yakan ce, "Ni dai roƙona, ranar da na mutu ki bari a binne ni sau ɗaya." Ya rasu tana da shekara hamsin da takwas, aka kuwa binne shi sau ɗaya.

Duk zaman aurensu a gidan haya suka yi shi, ɗaki biyu a cikin gida mai ƙofofi goma sha biyu, famfo ɗaya a tsakar gida, mitar wuta ɗaya, banɗaki biyu. Hayaniyar ba ta dame ta ba. Jira ne ya ci mata rai. A jira ruwa ya zo, a jira a kawo wuta, a jira mai gidan hayar ya ga dama ya gyara indararo, a jira wanda ya shiga banɗaki da rediyonsa ya fito. Takan ce rabin rayuwarta a tsaye ta yi shi, riƙe da bokiti, tana kallon ƙeyar wani.

Da ta kai sittin da ɗaya idonta ya fara ƙin ramin allura. Ɗanta na fari yana wata ƙasa, sai dai waya. Auta, wadda take aikin jinya a asibiti, ta zo shagon ta ce, "Inna, ki rufe ki dawo wurina. Ga ɗaki nan ba kowa a ciki sai akwatuna."

"In zo in zama akwati na nawa?"

"Haba Inna."

"Zan rufe shagon. Amma ba wurinki zan zo ba."

Mijin ya bar wani fili a gefen tsauni, can bayan inda motar haya take juyawa ta koma gari. Tun yana saurayi ya saye shi, wai don yana son tsayawa a wurin ya huce in ya ɗauko kaya daga nesa. Duwatsu ne da 'yan bishiyoyi da wani ɗan rafi da yake ƙafewa da rani. Dangi sun sha yi masa dariya a kai. A nan Gwaggo ta ce za ta gina gidan da ba zai sa ta jiran kowa ba, kuma a nan take nufin ta ƙare kwanakinta.

Ba ta je wurin mai zanen gidaje ba. Abin da ta sani shi ta yi. Ta tara takardun buhun siminti, irin waɗanda take yanka samfurin riga da su, ta kakkaɓe, ta goge da dutsen guga, ta haɗa su a keke har suka rufe ƙasan shagon. Sannan ta rataya tef a wuya ta auna kanta kamar yadda take auna mai zuwa ɗinki. Tsayinta a tsaye da ɗankwali. Tsawonta a kwance. Iya inda hannunta yake kaiwa ba tare da ta yi ɗage ba. Faɗinta in tana ɗauke da bokiti a hannu ɗaya. Wurin da take ci daga tsayuwa zuwa sujada. Duk ta rubuta a bayan tsohon littafin awon mutane, ta zana da alli a kan takardar. Nan murhu, nan kujera, nan keken ɗinki a ƙarƙashin taga, nan kantar kwanuka. Gado ba ta ba shi wuri a ƙasa ba, don a ganinta asara ce a ware wa barci fili alhali da rana ba ya aikin komai. Ta ɗaga shi sama kusa da rufi, ta sa ma'ajiyar hatsi da wake a ƙarƙashinsa, ta zana tsani mai hawa bakwai.

Sati guda ta yi tana zaune a cikin layin allin nan, shago a rufe. In ta ga akwai kusurwar da ƙafarta ba ta taka ba duk yini, sai ta sa almakashi ta yanke ta. Ranar bakwai takardar ta koma taku biyar a tsaye, taku huɗu a kwance.

Ruwa ma ta auna shi. Ta lura bokiti uku ke isar ta a rana, wanka da girki da alwala da wanki. Ta ajiye baho a filin damina guda, tana zuwa duk bayan ruwa ta tsoma tef ta ga inda ya kai. Da haka ta san girman tankin da zai fitar da ita rani, da faɗin kwanon rufin da zai cika tankin. Ba ta ƙara ko falle ɗaya a kan haka ba.

Ƙanin mijinta kafinta ne, kuma kowa Kafinta yake ce masa har 'ya'yansa in ba ya kusa. Shi ta kira, don shi kaɗai ne ya saba da halinta bai gudu ba. Ya zo da magini, suka ɗora bango da duwatsun wurin da bulon ƙasa. Ranar da ta shimfiɗa masa takardar a kan fili ta danne da duwatsu, ya zagaya ta sau biyu ya cire hula ya sosa kai.

"Yaya, wannan gida ne ko akwatin keke?"

"Kai dai bi inda alli ya bi."

"Ƙofar nan fa, in na ci na ƙoshi ba zan wuce ba."

"Wa ya gayyace ka?"

"To gadon fa? A sama kamar na kaji. Yaya, tsakani da Allah, shekarunki nawa?"

"Sittin da ɗaya. Kuma ɗazu na hau tsaunin nan kana bayana kana haki kamar tsohuwar motar yayanka."

"Ƙara taku ɗaya kawai. Katako ya rage, kwano ya rage."

"Duk takun da ka ƙara ni zan share shi, ni zan hura masa wuta da sanyi, ni zan toshe shi in ya yi yoyo. Kai kana gida kana shan shayi."

Ya kama aiki. Amma da ya zo kan ƙofa, sai ya faɗaɗa ta da yatsa huɗu bai faɗa mata ba. Da yamma ta zo duba aiki, ta tsaya a bakin ƙofar, ta ji iska a gefen kafaɗarta inda bai kamata ba. Ta zaro tef. Washegari Kafinta ya cire katakon ya mayar yadda alli ya ce, yana ƙunƙuni yana cewa Allah Ya ji ƙan yayansa, ashe shahada ya yi.

Gaskiya dai gidan ya yi. Wannan ba wanda ya musa, har Kafinta. Taga tana kallon gabas, rana ta shigo ta faɗa daidai kan keke. Rufin ya zarce bango ta yamma, ɗakin ba ya zafi da la'asar. Ruwan sama ya bi indararo ya ratsa wani ƙyalle da ta ɗinka kamar hula a bakin tanki, ya shiga tas. Ruwan da ta yi wanke-wanke da shi yana bin ɗan kwata ya sauka a kwamin tumatir da albasa da kabewa. Kashin kaji shida yana komawa kwamin, ɓawon kayan miya yana komawa wurin kajin, tokar murhu tana tafiya masai. Murhun na ƙasa ne mai baki ɗaya, ƙirare uku suke dafa mata abincin yini, ƙiraren kuma bishiyoyin wurin ke zubar da su. Farantin sola ɗaya a kan rufi yana kunna ƙwan fitila da rediyo. Sau ɗaya a wata take sauka gari ta sayo gishiri da sabulu da mai da ganyen shayi. Damina ta farko da ta ji ruwa yana zuba a tankinta, ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a ƙugu har ya ɗauke. Babu wanda za ta gaya wa.

Auta ta zo ganin gida da 'ya'yanta biyu. Nan aka ga abin da takardar siminti ba ta nuna ba. Kujera ɗaya ce. Kofi ɗaya, cokali biyu. In Auta ta shiga sai Gwaggo ta fito, in Gwaggo za ta ɗauko tukunya sai Auta ta koma bakin ƙofa. Yaran suka hau tsani suka sauko, suka kori kaji, suka ce yaushe za a tafi. Auta ta sha shayinta a murfin kwano tana zaune a kan dutse.

"Inna, ko tabarma babu inda za a shimfiɗa a ciki."

"Ga waje nan, Allah Ya shimfiɗa."

"In ana ruwa fa?"

"In ana ruwa me zai fito da ku?"

Da farko duk wata suke zuwa. Daga baya Auta kaɗai. Daga baya sai in ta sami hutu. Ba faɗa aka yi ba. Tafiyar awa biyu ce a mota, da hawan tsauni, a zo a zauna a kan dutse.

A gidan haya, ko ba ka so, mutum ashirin za su yi maka magana kafin azahar. Mai karanta mita zai ƙwanƙwasa, mai sayar da ruwa zai yi sallama, maƙwabciya za ta aiko a ba ta ashana, wata za ta zo da zani a kama mata baki. Duk waɗannan buƙata ce take kawo su, tasu ko tata. Gwaggo ta zauna da tef da alli ta yanke buƙatun ɗaya bayan ɗaya, mutanen kuma suka tafi tare da su. Ba ta lura da haka ba sai a shekara ta biyu, wata rana da ta buɗe baki za ta kori kaza daga kan kwami, muryar ta fito a shaƙe kamar ta wani. Ta tsaya ta ƙirga. Kwana goma sha tara ba ta yi wa ɗan Adam magana ba.

Daga gidan ana hango inda mota take juyawa. Akwai gidaje huɗu a wurin, da wata rumfa, da garken wata mata da ake ce wa Mai-awaki. Sau uku a rana motar take zuwa. Gwaggo ta san ƙarar kowace. Takan ajiye abin da take yi ta leƙa ta taga ta ga masu sauka, su watse, kowa ya bi hanyarsa, babu mai ɗaga kai sama. Sai ta koma kan aikinta. Ɗinkin ma babu na kowa, nata ne take warwarewa tana sakewa. Labulen tagar nan sau huɗu ta canza masa kalmasa. Mutanen ƙasan tsaunin sun yi ƙoƙari da farko. Mai-awaki ta taɓa hawowa da ƙwaryar madara, Gwaggo ta karɓa ta gode, ta sake tace ta a gabanta da ƙyalle. Matar ba ta ƙara hawowa ba.

In an tambaye ta ko kaɗaici bai dame ta ba, takan ce, "Ya dame ni mana. Layin famfo ma ya dame ni. Wannan dai ni na zaɓa."

A shekara ta shida gwiwar hagu ta fara. Hawa bakwai ɗin nan da take yi ba tare da ta sani ba suka zama abin da take tunani tun la'asar. Ta koma hawa da gwiwa ɗaya tana jan ɗayar. Da abin ya ƙi, ta sauko da bargo ta ce za ta kwanta a ƙasa. Sai ta tarar ƙasan ba na kwanciya ba ne. Ta auna shi ne daga tsayuwa zuwa sujada, ba ƙari. In kanta yana jikin ma'ajiya, ƙafarta tana cikin murhu. Wata uku ta yi tana barci a naɗe kamar mage, ta tashi da wuya a sandare. Ba ta gaya wa Auta ba, don ta san amsar da za ta ji: ga ɗaki nan. Ita kuma abin da take tsoro ke nan, fiye da ciwon.

Wata safiya ta hau ɗauko wani bargo da ta bari a sama. A hawa na biyar gwiwar ta saki. Ta faɗo a gicciye tsakanin keke da murhu, ƙashin kwatangwalo ya amsa. Ta yi ƙoƙarin tashi, ta ga ba hali. Wayarta tana kan kantar kwanuka, daidai inda hannun mace a tsaye yake kaiwa. Ta kwanta tana kallonta. Ta ji motar safe ta zo ta juya. Rana ta shigo ta taga ta hau keke, ta sauka, ta fita. Ta ji motar azahar. Kajin suka taru a bakin ƙofa suna jiran a ba su hatsi, ɗaya ta shigo ta tsattsage wake a gefen kunnenta. Ta yi kira sau biyu, ta ji yadda muryar ta tsaya a cikin ɗakin, ta daina. Ƙishirwa ta fi ciwon, ga tanki cike a bayan bango.

Akuya ce ta cece ta. Wata daga cikin na Mai-awaki ta ɓalle ta hau ta shiga kabewa, matar ta biyo ta da la'asar tana zage-zage, ta ga ƙafa a bakin ƙofa.

"Innalillahi! Gwaggo, tun yaushe?"

"Tun safe. Ba ni ruwa tukuna, sannan ki yi salatin. Ki kuma fitar da akuyarki daga kabewata."

Maza biyu suka hawo daga ƙasa da wani faifan katako. Ƙofar ba ta karɓi katakon ba. Mutum biyu ma ba su iya shiga tare su ɗaga ta ba, ɗaya ya shiga ɗaya ya tsaya a waje. Dole suka sa guduma suka ɓalle katakon bakin ƙofar da bulo biyu, tana kwance tana jin ƙasa tana zubo mata a fuska.

An yi mata aiki a asibiti, daga nan Auta ta wuce da ita gidanta, hawa na uku a wani dogon bene. Ɗakin da aka kwashe akwatunan yana da faɗi, ya kusa ninka gidanta biyu. Ƙarfe bakwai na safe kowa ya fita, mijin Auta ofis, yara makaranta, Auta asibiti. A kunna mata talabijin, a ajiye abinci a rufe, a ja ƙofa. Ta taga bangon wani bene take gani da wayoyin wuta. A tsauni in ta yi shiru akwai kaji da tanki da kwami da suke jiran ta. A nan ba abin da yake jiran ta. Da yamma in sun dawo a gajiye, kowa ya ce, "Sannu Inna, ya jiki?" ya wuce kafin ta amsa. Ta sake wanke kwanuka sau ɗaya tana dogara sanda, mijin Auta ya ce don Allah Inna ta huta, daga nan aka riƙa rufe ƙofar kicin.

A wata na uku Auta ta ce, "Inna, na kira Yaya can ƙasar waje, mun yi magana. Akwai mai son filin. Ba za ki koma can ba."

"Ku biyu kuka yi maganar?"

"Yini guda kina kwance a ƙasa, Inna. Ni nake ganin irin waɗanda ake kawowa bayan kwana uku. Ba zan zauna ina jiran a kira ni ba."

Gwaggo ta san yarinyar ba ƙarya ta yi ba.

Bayan kwana biyu Auta ta kawo mata wata riga, ko don ta sama mata abin yi. Gwaggo ce ta ɗinka ta shekara tara da suka wuce, yanzu ta matse ta a hammata. "In ba za ta gyaru ba a bayar," in ji Auta. Gwaggo ta juya rigar, ta sa reza ta buɗe gefe. Yatsa uku na yadi ne a naɗe a ciki, kowane ɓangare, an goge shi ya kwanta luf. Haka take yi wa kowace riga tun tana budurwa. Ba ta taɓa yanka wa mutum yadi daidai jikinsa na ranar ba, don ta san jiki ba ya tsayawa, mace za ta haihu, za ta yi ƙiba, za ta rame, kafaɗa za ta sauko. Mata sun sha dawo mata da riga bayan shekara goma ta buɗe ta zauna musu. Gidanta kaɗai ta yanka cif a jikin mace mai shekara sittin da ɗaya mai gwiwa biyu, ba ta bar ko yatsa ɗaya ba. Kafinta ya bar mata huɗu, ta sa shi ya cire.

Ta gama rigar. Sannan ta ce wa Auta ta samo mata takardun buhun siminti.

Wannan karon a zaune ta auna kanta. Ta auna faɗinta da sanda a hannu. Ta auna iya inda hannu yake kaiwa daga kujera, da iya inda yake kaiwa daga ƙasa in mutum yana kwance. Ta sa Auta da mijinta suka tsaya kafaɗa da kafaɗa ta auna faɗinsu, suna tambayar na mene ne, ta ce na ƙofa. Ta sauko da gado, ta ƙara taku uku ta kudu, ta cire tsani, ta kawo bakin famfon tanki cikin ɗaki daidai gwiwa. A kowane layi ta ƙara tafin hannu guda.

Kafinta ya zo ya duba takardar a falon Auta. Shi ma ya tsufa.

"Yaya, wannan ƙofar ai mota za ta shiga."

"Bi alli."

"Ba ni na ce ba tun farko? Ki faɗa a gaban Auta, ko sau ɗaya, in ji daɗi kafin in mutu."

"Ka faɗa. To an ba ka. Yaushe za ka fara?"

Auta ta ce ita ba ta yarda ba tukuna. Ko dai a samo wadda za ta zauna da ita, ko a haƙura. Gwaggo ta ce ba za ta zauna da wata tana kallon yadda take wanke tukunya ba, za su kashe juna. Auta ta ce to ta riƙa kiran ta a waya, Gwaggo ta ce a can sai an hau kan dutse take kamawa, kuma wanda ya iya hawa dutse ai bai faɗi ba. Suka yi sati ba wadda ta sauka daga kan maganarta. Daga ƙarshe Auta ta ce, "To ki nuna min yadda za a yi wani ya sani kafin yini ya ƙare. In kin nuna min, ni zan kai ki da kaina." Ta faɗa ne tana ganin Inna ba za ta iya ba, don hakan na nufin sai ta roƙi mutane.

Aikin Kafinta ya ɗauki wata biyu. Ranar da aka kai ta gani, tun daga nesa ta hango tagar sabon ɓangaren ta karkata, ƙusoshi biyu kuma sun lanƙwashe a jikin ƙofa. Ta gaya masa. Ya ce ya sani, idon ne. Ta tsaya tana kallon tagar ta daɗe. Ba ta da ƙarfin cirewa, shi ma ba shi da ƙarfin sakewa. Haka tagar ta zauna a karkace shekara huɗun da Gwaggo ta ƙara a gidan, kuma kullum sai ta gani.

Amma kafin Auta ta yarda a sauke kayanta ranar nan, Gwaggo ta ce a mayar da ita ƙasa, wurin rumfa. Motar la'asar ta zo ke nan, direban yana shan ruwa, Mai-awaki tana ɗaure tunkiya, mazan nan biyu da suka fasa ƙofarta suna zaune a kan benci. Ta tsaya a gabansu da sandarta. Ta zaro wani abu daga jaka ta warware, ƙyalle ne ja da rawaya, faɗin zani, ta haɗa shi da guntayen yadi, kalmasar kamar da layi aka ja ta. Ta yi gyaran murya sau biyu. Auta ba ta taɓa ganin ta rasa ta inda za ta fara magana ba sai ranar.

"Na zo roƙo ne," in ji ta. "Ban iya ba, ku yi haƙuri da yadda zai fito. Akwai gora a gefen tankina da igiya, daga nan ana ganinta, na duba. Kullum da safe zan ɗaga wannan, da yamma in sauke. Wanda ya fito, don Allah ya ɗaga kai. In kun gan shi, lafiyata lau, ku ci gaba da harkarku. In motar safe ta juya ba ku gan shi ba, kada ku ce ƙila mantuwa ta yi, ba na mantuwa. Ku hawo. Kuma ku zo ku biyu, mutum ɗaya ba zai iya ɗaga ni ba, na auna."